Me Ya Sa Muke Jin Kunyar Lissafi?



Akwai maganar da ba ta faɗuwa ƙasa a bakinmu mu 'yan kasuwa, wato arziki na Allah ne. Gaskiya ce, kuma babu mai musu a kanta a cikin wannan masallaci. Sai dai mun lura ana yawan jawo ta zuwa wurin da ba nata ba. Ka tambayi mutum nawa ya samu a watan jiya, ya ce maka, "Alhamdu lillahi, ana ta fama." Ka ce to jarin fa, ya kai nawa yanzu? Ya ce, "Allah ne masani." Wani lokaci sirrinsa yake rufewa, kuma yana da haƙƙin haka, ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Amma sau da yawa gaskiyar ce ya faɗa maka tsirararta: shi ma bai sani ba. Shekara goma sha biyar yana buɗe shago bayan asuba yana rufewa bayan isha'i, bai taɓa zama na minti goma ya raba abin da yake nasa da abin da yake na mutane ba.

Tambayarmu ta yau ke nan. Mutumin da ya mai da lissafi ɗabi'arsa ta kullum, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, yana rubuta bashi ko da na ɗan uwansa ne ciki ɗaya, shin ya rage wani abu daga tawakkalinsa ko daga mutuncinsa? Mun kawo tambayar ne domin haka da yawanmu ke ji a zuci ko ba su furta ba. Mai littafi da biro a kasuwa ana yi masa wani irin kallo: ko dai marowaci ne, ko bai yarda da kowa ba, ko kuma bokon ne ya yi masa yawa.

Bari mu fara da yadda jari yake karyewa, tunda kowa a nan ya ga an karye, kuma galibi ba ɓarawo ba ne ba gobara ba. A ɗauki mai tireda da jarin naira 300,000, yana samun ribar 5,000 a rana. Kuɗin duk a durowa ɗaya suke. Da safe ya zari na shayi da burodi, da hantsi mai tikiti ya zo, yaro ya zo daga gida karɓar cefane, wani ɗan garinsu ya sauka daga mota ba shi da na abinci, da yamma ya sa kati ya kira gida, aka ce masa tsohuwa ba ta jin daɗi, ya tura wani abu. Babu ko ɗaya a ciki da yake ɓarna, wasu ma lada ne. Amma in an tara, 6,000 ya fita. Giɓin 1,000 ne kacal, ba ya ma jin sa. A wata ya zama 30,000. A wata goma babu jarin nan. Ranar da ya ga kanta ta yi fayau sai ya fara neman wanda ya yi masa baki ko wanda ya yi masa asiri, alhali da hannunsa ya kwashe, naira dubu-dubu, yana bismillah.

Tsadar kayan da muke ciki ta ƙara ɓoye wannan ciwo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota daga Arewa zuwa nan Ikko ya yi tashin gwauron zabi, kuma a 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan yanayi naira tana ruɗin mai ita. Ka saro buhu a kan 60,000, ka sayar 65,000, ka ce ka ci ribar 5,000, ka kashe ta hankalinka kwance. Ka koma sari ka tarar buhun ya koma 68,000. Ina ribar? Ko da ba ka taɓa sisi ba, sai ka yi cikon 3,000 kafin ka mai da buhun da ka fitar. Kuɗin durowa suna ƙara yawa a ido, kayan shago suna raguwa. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ba da naira kaɗai suke auna kansu ba. Tambayarsu ita ce: bara war haka buhu nawa nake iya saukewa da kuɗina, katan nawa, kwando nawa, kan shanu nawa, yau kuma nawa? Wannan ba ya bukatar digiri, amma yana bukatar a riƙa yin sa, kuma a ajiye amsar a inda za a iya komawa a duba.

To, batun tawakkali. Duk mun san labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah, har yaranmu na Islamiyya sun san shi. Abin mamakin shi ne muna ɗaure raƙumin a ko'ina ban da nan. Muna sa kwaɗo biyu a ƙofar shago, muna biyan mai gadi, muna bin direban tirela da waya tun daga Kano har ya wuce Jebba, babu wanda ya ce wannan rashin tawakkali ne. Sai an zo kan littafi ne ake tuna cewa arziki na Allah ne. Muna ganin dalilin a fili yake: kwaɗo yana tsare mu daga ɓarawo, shi kuwa littafi daga kanmu yake tsare mu, kuma ba kowa ke son a nuna masa hannunsa a cikin asararsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Zakka rukuni ce, kuma ba ta fita da ka. Ɗaya bisa arba'in ce, wato 25,000 a kowace miliyan ɗaya, idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Malamanmu sun yi bayani cewa mai shagon da ke juya kaya kullum zai ƙimanta hajarsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi. Yaya wanda bai san yawan kayansa ba, bai san nawa yake bi ba, bai san nawa ake bin sa ba, zai yi wannan? Sai dai ya yi kirdado, ya damƙi wani abu a watan azumi ya raba, ya ce ya fita. Wataƙila ya fitan, wataƙila kuma haƙƙin talaka yana nan a cikin cefanen gidansa.

Inda maganar ta fi tsauri shi ne bashi tsakanin 'yan uwa, domin a nan kunya take shigowa, kuma kunya ba abin wasa ba ce a wurinmu. Amininka na shekara ashirin, ku ka taso tare, mota ɗaya ta kawo ku Kurmi, ya ce ka ba shi kwando goma zuwa jibi. Ka ɗauko biro? Ji za ka yi kamar ka zage shi. Shi ma zai iya cewa, "Haba Alhaji, yau ni ake rubutawa?" Mun fahimci wannan sarai. Amma ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kan cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa maganar, mutanen da suka fi mu gaskiya da son juna. Ke nan rubutu ba tuhuma ba ne. An sa shi ne saboda abubuwa biyu da babu wanda ya fi ƙarfinsu, mantuwa da mutuwa.

Mantuwa dai mun san aikinta. Kai ka tuna goma, shi ya tuna takwas, ku biyun babu maƙaryaci, amma daga ranar gaisuwa ta canja. Zumunci nawa ne ya mutu a kasuwannin nan a kan kwando biyu? Mutuwa kuwa ta fi yi mana ɓarna mu da muke baƙunci. Mutum ya rasu a nan, an yi masa sutura an kai shi makwancinsa kafin 'yan uwansa su iso daga gida. Matarsa tana takaba, ba ta taɓa sanin abin da ke cikin shagon ba. A zaman makoki a yi sanarwa, duk mai bin mamaci bashi ya zo, duk wanda mamaci ke bi ya kawo. Masu bi sukan zo, ai bashi hanji ne. Waɗanda ake bi fa? Masu tsoron Allah su kawo, wasu su yi shiru, wasu kuma da gaske ba su tuna adadin ba. Ga shi ba a raba gado sai an biya bashi. Sai ka ga mutumin da kowa ke ce wa mai kuɗi ya bar marayu da tarin masu bi, dukiyarsa kuwa tana warwatse a hannun mutane ba takarda ba shaida. Kunyar da ya ji ta minti ɗaya, 'ya'yansa ne suka biya ta. Mu da muke zama a kan irin waɗannan matsaloli a bayan sallah mun ga abin da ya ishe mu.

Wani dattijo zai ce, to iyayenmu da suka kafa kasuwancin goro da na shanu a ƙasar Yarabawa, ai da baki suka yi. Akwai gaskiya a ciki. A Sabon Badun da Shagamu da nan Agege, an daɗe ana ba mahauta shanu bashi a kan maganar dillali da lamunin mai gida, ana ɗora goro zuwa Arewa a kan amana. Amma a duba yadda abin yake tafiya. Kowa ya san kowa, an san gidan da baƙo ya sauka, an san wanda ya tsaya masa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya kasuwar gaba ɗaya ke rufe masa ƙofa. Manyan masu gida kuma suna da malamansu da ke rubuta abin da aka sayar da wanda ya ɗauka. Lissafi yana nan, jama'a ce take riƙe da shi. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar da ake kira Gana a yau kafin ya shiga harkar gyaɗa, ya rasu a 1955, har yanzu abin da ake ba da labarinsa da shi, bayan yawan dukiya, shi ne tsantseni da rashin almubazzaranci. Yau fa? Muna tura miliyoyi ga mutumin da murya kawai muka sani a WhatsApp. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura kowa ga taransifa da POS ko ya shirya ko bai shirya ba, ga alat na bogi, ga kuɗin da ake cewa an tura ba su shigo ba. Idon jama'a da ya tsare iyayenmu ya ragu ƙwarai, dole wani abu ya tsaya a wurinsa.

Saura zargin rowa, kuma ba za mu ce babu komai a cikinsa ba. Akwai wanda lissafi ke shiga zuciyarsa har ya kasa ba almajiri ragowar tuwo, yana ƙirga cokalin sukari a gidansa. Wannan ciwo ne, Allah ya raba mu da shi, kuma littafi ba ya warkar da shi. Amma a dubi ɗaya ɓangaren. Mutumin da ke kyauta daga durowar da bai san abin da ke cikinta ba, da kuɗin wa yake kyautar? Sau da yawa da kuɗin wanda ya ba shi kaya bashi ne, wani manomi a Kadawa ko Ɗanja da ke jiran kuɗin tumatirinsa ya sayi taki. A nan ana yi masa kirari da mai hannun kyauta, a can wani yana kiran wayarsa ba ya ɗauka. Wanda ya san ribarsa, idan ya ba da dubu biyar, tasa ya bayar, kuma zai iya bayarwa gobe. Dabarar da muka ga ta yi wa mutane da yawa amfani ita ce aljihu biyu: ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka kullum ko duk mako, kamar kai ma yaron shagon ne, cefane da kati da taimako da saƙon gida duk su fita daga nan. In ya ƙare ya ƙare. Faɗa wa ɗan uwa "yau babu, sai Juma'a" yana da ɗaci, amma bai kai ɗacin ranar da za ka je wurinsa neman jari ba.

Kada mu manta kuma a ina muke zaune. Muna zaman lafiya da maƙwabtanmu, Alhamdu lillahi, muna fatan ɗorewarsa. Amma wanda ya ga abin da ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016, ko a kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021, ya san shago yana iya tafiya a yini ɗaya. Matasanmu 'yan acaɓa sun ga irin nasu a Yunin 2022, lokacin da aka hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida na Ikko. Bayan kowane irin wannan, akwai waɗanda suka miƙe cikin 'yan watanni, akwai waɗanda har yau ba su dawo daidai ba, kuma ba kullum mai babban jari ne ya miƙe ba. Wanda ya saba cire ɗan wani abu kullum ya kai adashi ko banki, ko ya sayi 'yar tunkiya a gida, ya sami abin dafawa. Wanda aka san shi da biyan bashi a ranar da ya faɗa, masu kaya da kansu suka neme shi suka ce ɗauki, ka biya in ka sayar. Sunan nan ba a ranar gobara aka yi shi ba, an tara shi ne a ranakun da babu wanda ke kallo.

Jiki ma jari ne, kuma shi ne wanda muka fi zara ba lissafi. 'Yan gwari da 'yan dako suna sauke kaya tun tsakar dare, mai shayi ba ya kwanciya sai ɗaya ta wuce, ɗan canji yana tsaye a rana wuni guda. Babba yana bukatar barcin kusan awa bakwai, da yawanmu huɗu muke samu, sauran mu cike da goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari. In kai ya sara a aika yaro kemis ya haɗo magani. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai ji komai ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago a ce iska ce ta buge shi. Awon bai fi minti biyar ba, kusan kowane kemis yana yi, kuma in ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, asibiti ya kamata a nufa. Ga matasa kuma, mu faɗi gaskiya: ƙwayar da ake sha don a yi aikin mutum biyu, irin su tiramadol, bashi ce ake ci daga jikin gobe, kuma mai bin wannan bashin ba ya ɗaga ƙafa.

Yaranmu na shago suna kallon duk wannan. Yaro ba ya zama mai gida don ya daɗe, yana zama ne ranar da aka ga za a iya barin masa durowa a tafi Arewa wata guda a dawo a tarar da komai daidai. To ta yaya za a gane daidai ne in babu abin da aka rubuta? Rashin littafi yana cutar yaron kirki fiye da kowa, domin ba shi da abin da zai nuna amanarsa da shi, kuma ranar da kuɗi suka ɓace shi za a fara kallo. Maƙwabtanmu Ibo a Alaba da Ladipo suna yanka wa yaro shekarun da zai yi tun ranar da aka kawo shi, in ya cika a sallame shi da jari. Ba mu ce komai nasu za mu ɗauka ba, amma wannan kam abin dubawa ne. Muna da samari da suka shekara goma sha a bayan kanta, har sun yi furfurar fari, ba su san ranar da za a ce musu ga naka ba. Kai kuma yaro, kada ka jira sai Alhaji ya ce ka rubuta. Sayi littafinka, kullum da yamma ka nuna masa abin da aka sayar da abin da ya rage. Ko bai ce komai ba, yana gani.

Iyayenmu mata a cikin gida, da yawansu sun riga mu. Uwar adashi ba ta mantuwa da wadda ta yi zubi da wadda ta yi fashi, kuma mai sayar da ƙuli-ƙuli ko zoɓo ta san kuɗin gyaɗarta daban, ribarta daban. Matsalarsu sau da yawa mu ne, mai gida ya ce "ara mini zuwa yamma", yamman kuma ba ta zuwa. Wannan ma bashi ne, a rubuta shi.

Wanda zai ce bai yi boko ba, ajami yana nan, da shi kakanninmu suka yi wasiƙun fatauci. Wanda ba ya ko ɗaya, ya ɗauki muryarsa a waya kowane dare, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa, yaron ma ya ƙaru. Littafin 'yan firamare ya isa. Abin da ke da wuya shi ne ɗorewa, kuma a nan muna da abin da wasu ba su da shi. Mu mutane ne da rana ta riga ta rabu mana gida biyar, ba mai tuna mana lokacin la'asar. Sabuwar ɗabi'a tana kama ƙasa ne in an ɗaure ta a jikin tsohuwa. A zaɓi sallah ɗaya, ga mafi yawanmu isha'i ta fi, a ce daga sallame ta ba a taɓa waya ba a shiga hira sai an rubuta abu huɗu: abin da aka sayar, abin da aka kashe, wanda ya ɗauki bashi, wanda ya biya. Ranar Juma'a kafin a taho masallaci a haɗa na mako.

Makon farko ba zai yi daɗi ba, domin adadin da zai fito ba shi ne wanda ke cikin kai ba, kuma a nan mutane da yawa ke jefar da littafin. In an yi fashin kwana biyu a ci gaba daga inda ake, kada a ce sai sabon wata. Bashi kuma in an rubuta, a karanta wa wanda ya ɗauka ya ji da kunnensa, da ranar biya, kuma ya fi sauƙi in kai ka fara: ranar da kai ne mai karɓa, ka ce, "Malam, rubuta, ni ma zan rubuta." Sannan a sami mutum ɗaya amintacce, uwargida ko babban ɗa ko amini, a nuna masa inda littafin yake kwana.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya karɓi Juma'armu.